Ba Zafi Ne Ya Kori Ungulu Daga Kaduna Ba

Makonni biyu da suka wuce na shiga kwata da sassafe sayen kayan ciki, ni da ɗana da ke aji ɗaya a babbar sakandare. Muna tsaye ana wanke mana tumbi, mahaucin da nake ciniki a wajensa ya shiga ba ni labarin wani dillali da ya yi masa ungulu da kan zabo a cinikin bijimi. Muka yi dariya. Sai yaron ya taɓa hannun rigata, ya ce, "Baba, wai ita ungulun nan yaya take?"

Na ɗaga kai sama don in nuna masa. Wallahi ban ma yi tunani ba, kan ne ya ɗagu da kansa, domin tun da na yi wayo in aka ambaci ungulu a kwata sama ake kallo. Ga hankaki, ga shirwa na shawagi, ga balbela a kan juji. Ungulu ko ɗaya babu.

Yaro ɗan shekara 15, haifaffen Kaduna, bai taɓa ganin ungulu da idonsa ba. Mu da muka tashi a Tudun Wada a shekarun 1980, sai mun kore su da ƙafa kafin mu samu hanyar wucewa a wajen yanka.

Mahaucin ya ce, "Malam, ai canjin yanayi ne. Zafi ya yi musu yawa, sun yi ƙaura." Yaron shagonsa kuma ya cafe, "Gara da suka tafi, ƙazaman banza." Yana faɗa yana korar ƙuda daga kan nama da hannu biyu, a bayansa kuma wani kare na jan hanji zuwa cikin lambatu.

Amsoshin nan biyu su suka hana ni sakat, kuma duka biyun ban yarda da su ba. Zafi bai kori ungulu ba, mu muka kashe ta, muka sare inda take kwana. Tafiyarta kuma ba riba ba ce, don gurbin da wata halitta ta bari ba ya zama haka nan, wani ne ke shiga, kuma yawanci wanda ya fi ta sharri. Kalmar nan ta "canjin yanayi" mun mai da ita bargon rufe laifi, saboda shi yanayi ba shi da gida balle a kai masa sammaci.

Da muka koma gida yaron ya buɗo mini littafinsa na bayoloji. Ashe an koya musu. Shafi ne an raba shi gida biyu. A gefe guda abubuwa marasa rai da ke ƙara ko rage yawan halitta, irin su zafi, ruwan sama, iska, haske da ƙasa. A ɗaya gefen masu rai, wato abinci, maƙiyin da ke cin ka, cuta, da kishiyar da kuke takarar abu ɗaya. Ya haddace tsaf, ya ci maki. Amma bai taɓa kawowa a ransa cewa shafin nan labarin unguwarsu yake bayarwa ba. Ban ga laifinsa ba, don ni ma haka aka koya mini.

Sunayen da muke kira kullum

Mu fara da sunan garin. Hausawa sun ce daga kada aka samo Kaduna, saboda yawan kadojin da ke kogin. Gbagyi na da tasu fassarar, amma dai har gobe kada ce alamar garin. A 1917 Turawa suka dawo da hedikwatar Arewa nan daga Zungeru, kuma a lokacin ba a wasa da bakin kogin.

Sai ka bi unguwanni. Kawo sunan itace ne. Unguwar Rimi, rimi. Kurmin Mashi, kurmi. Rafin Guza, guza, wato ɗan'uwan damo da ke zama a bakin ruwa. Direban bas na kiran sunayen nan sau ɗari a rana, fasinja na amsawa, ba wanda ke lura cewa rajistar waɗanda suka riga mu zama a wurin ake karantowa.

Ina kadojin? Galibin yaranmu in sun ga kada, to a kewaye suka gan ta a wurin shaƙatawa na Gamji ranar sallah.

Kada ba ta da sha'awar barin kogi. Ita dai buƙatarta ba ta da yawa, amma ba ta karɓar canji. Da rani, in ruwa ya ja baya, macen kan haƙa rami a tudun yashi ta zuba ƙwai, kan kai 50, ta binne, ta zauna gadi kusan wata uku. Zafin yashin nan shi ke ƙyanƙyashe ƙwan, kuma shi ke yanke ko maza za a samu ko mata. Guza na daga cikin manyan ɓarayin ƙwan kada, amma shekaru aru-aru suna tare, ba wadda ta ƙarar da wata.

Yanzu je ka tsaya a bakin kogi da rani ka ƙirga kwale-kwalen masu ɗiban yashi da tifofin da ke jiransu. Yashin da kada za ta binne ƙwai a ciki ya zama bulo a Rigasa da Millennium City, har da katangar gidana. Yashi abu ne mara rai, haka ne. Amma ba iska ce ta kwashe shi ba.

Haka kifi. Kifi na shaƙar iskar oksijin da ke narke a cikin ruwa. Ruwa in ya ɗumama, iskar da yake riƙewa na raguwa, in kuma aka zuba masa najasa da jini da shara, ƙwayoyin da ke ruɓar da su sai su shanye sauran. A zamanin da masaƙun Kakuri ke aiki dare da rana, tun daga ta farko da aka buɗe a 1957, ruwan rini kan bi magudana ya faɗa kogi. Masaƙun sun durƙushe, amma mu mazauna gari mun gaje su, kowace kwalbati kogi ta nufa. Tarwaɗa na jurewa don tana da wata gaɓa a kanta da take shaƙar iskar sarari da ita. Yawancin sauran kifayen ba su da wannan gata. Shi ya sa in masunci ya ce maka kifi ya canza, gaskiya ya faɗa, waɗanda suka iya wahala ne suka rage.

"Ai canjin yanayi ne"

Ba na musun canjin yanayi. Ni ma ina kwana a Kaduna a watan Afrilu, na san yadda ɗaki ke komawa tanda. Manomi ma ya san damina ta koma ba ta da alƙawari.

Amma ga tambaya. Hankaka da shirwa da balbela a wace sama suke tashi? Ba rana ɗaya ke dukansu da ungulu ba? Me ya sa zafin ya tsallake su ya zaɓi ungulu, tsuntsuwar da ke rayuwa har bakin hamada, inda zafin ya fi na Kaduna? In da zafi ne, da arewa ta fara rasa ta, kudu ta tara ta. Abin da aka gani shi ne ta ragu ko'ina, daga Senegal har Habasha.

To ko abinci ne ya ƙare? Wannan ya fi kama da hujja, don a garuruwan da aka gyara mayanka aka daina zubar da komai a fili, dole masu cin mushe su ragu. Sai dai duk wanda ya shiga kwatocinmu ya san ba tsafta ce ta yi mana yawa ba. Abinci na nan jibge. Masu cin sa ne suka canza.

Masana tsuntsaye sun bi diddigin abin. A wani bincike da aka fitar a 2015 kan ungulayen Afirka, cikin mace-macen da aka tattara bayanansu, kashi 61 cikin ɗari guba ce, kashi 29 kuma kamu ne don sayar da sassan jiki ga masu tsubbu. Wato tara cikin goma hannun mutum ne kai tsaye. A shekarar ce hukumar IUCN, mai ajiye jerin halittun da ke fuskantar ƙarewa, ta saka irin ungulun nan tamu ta cikin gari a sahun da ke dab da ɓacewa. A 2020 an tsinci gawar ungulu fiye da 2,000 a Gini Bisau, an sa musu guba, da yawa an cire kawunansu.

Kada mu yi kamar abin a nesa yake. Duk wanda ke shiga manyan kasuwanninmu ya san layin da ake shanya busassun kawuna da fikafikai. Ya kuma san su wa ke saye: mai neman mulki, mai neman kasuwa, mai neman sa'ar caca, mai shari'a a kotu. Ba jahilai kaɗai ba, har da masu manyan riguna. Yadda ungulu ke ƙara wuya haka kuɗinta ke ƙara hawa, yadda kuɗin ke hawa haka mafarauci ke ƙara nisan tafiya nemanta.

Sai wurin kwana. Bahaushe ya ce ungulu ta koma gidanta na tsamiya. Wanda ya fara faɗin wannan magana ya san tsuntsuwar fiye da mu, don a kan dogayen itatuwa take sheƙa, tsamiya, rimi, giginya, maɗaci, kuma takan koma sheƙa ɗaya shekara da shekaru. Yanzu in ta ce za ta koma, ina tsamiyar? An yi gawayi da ita, ko an sare an fitar da fuloti. Dalbejiyar da muke dasawa a ƙofar gida muna aske mata kai duk shekara ba za ta ɗauki sheƙar ungulu ba.

Lissafin ƙwai ɗaya

Nan ne gizo ke saƙar, kuma nan ne mutane ba sa tsayawa su duba.

Ungulu ƙwai ɗaya tak take yi a shekara. Ta kwanta a kansa wajen mako bakwai, ɗan ya yi watanni kafin ya tashi, ya ƙara wasu watannin iyaye na ciyar da shi, sannan ya yi shekaru kafin shi ma ya fara haihuwa. Ɓera kuwa cikin mako uku ne. Irin ɓeran nan mai yawan nonuwa da ke ɗauke da zazzaɓin Lassa kan zuba 'ya'ya goma ko fiye a haihuwa ɗaya, kuma kafin wata uku 'ya'yan sun fara nasu.

To ka zuba guba a unguwa, ta kashe rabin ɓeraye, ta kashe rabin masu cin ɓeraye. Bayan wata shida ɓera ya mayar da asararsa har da riba. Mai cin sa kuwa ko shekara goma ba lalle ya farfaɗo ba. Guba ba ta raba gardama daidai, kullum mai saurin haihuwa take goya wa baya.

Laifi tudu ne, bari in taka nawa. Akwai shekarar da ɓeraye suka addabi ɗakin ajiyarmu, na sayo shinkafar ɓera na barbaɗa a kowane lungu. Kwana uku aka yi ana kwasar gawa, ina jin daɗi. A na huɗu kyanwar maƙwabta ta mutu a bayan tankinmu. A ƙarshen mako yara suka tsinci mujiya a ƙarƙashin mangwaro, fikafikai a baje. Har aka yi murna a gidan, wai an rabu da mugun abu. Kafin damina ta fita ɓerayen sun dawo, kuma a wannan karon babu mai tare su.

Mujiya ba mayya ba ce. Tsuntsuwa ce da ke fita aiki lokacin da ɓera ke fita, kuma gida ɗaya na mujiya, uwa da uba da 'ya'ya, kan ci ɓera sama da 1,000 a shekara. A gonakin kwakwar manja na Malesiya akwatuna ake kafa mata a kan sanduna, ana roƙon ta zauna. Mu kuma da dutse muke tarbarta. Ni ma na jefe ta ina yaro, don haka aka ce mana.

Zazzaɓin Lassa, da aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno, ya fi tashi da rani. A lokacin ne ciyawa ke bushewa, a cinna wa daji wuta, abinci ya ƙare a waje, ɓera ya biyo ƙanshin buhun masara zuwa cikin gida. Rani ba mu muka kawo shi ba. Amma wutar mu muka sa, mujiyar mu muka kashe, macijin da ke bin ɓera har rami mu muka sare, garin rogon mu muka shanya a bakin titi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

"Gara da suka tafi"

Wannan ita ce maganar da ta fi ƙona mini rai, don na san mutane da yawa haka suke ji ko ba su faɗa ba.

Ungulu ba kyakkyawa ba ce, ba zan yi ƙarya ba. Amma cikinta na da tsamin da ke narkar da ƙwayoyin cutar da ke cikin mushe, waɗanda in kare ko ƙuda ya ɗauka sai ya kai su wani wuri. Taron ungulaye kan share gawar dabba kafin ta fara wari. Ma'aikatan tsafta ne da ba sa karɓar albashi, ba sa yajin aiki.

Indiya ta gwada rayuwa babu su. A shekarun 1990 makiyaya can suka rungumi allurar dikilofenak don ciwon jikin shanu, irin maganin nan da mu ma muke sha in gaɓoɓi sun matsa. Saniya in ta mutu da maganin a jikinta, ungulun da ta ci sai ƙodarta ta lalace. Cikin shekara 15 wani jinsin ungulu da ake ƙirga shi da miliyoyi ya ragu da fiye da kashi 99 cikin ɗari. Sai a 2004 aka gano dalili, a 2006 aka haramta ba dabbobi maganin. Kafin nan mushe ya taru a bayan gari, karnukan da ba su da iyayen gida sun yawaita, cizon mahaukacin kare ya ƙaru, ruwan sha ya gurɓace. Wasu masana tattalin arziki biyu, Eyal Frank da Anant Sudarshan, sun ƙiyasta a binciken da suka wallafa a 2024 cewa rashin ungulu ya jawo ƙarin mutuwar mutane kusan 500,000 tsakanin 2000 da 2005.

Namu dalilin daban ne da nasu, amma ramin da aka bari iri ɗaya ne. Yaron shagon nan da ke murna, da zai juya ya dubi karen da ke bayansa, da ya ga wanda ya gaji kujerar. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Inda zafi ke da hannu

Kada a ce na wanke yanayi tas. Akwai inda yake taka rawa, kuma manoman tumatir sun fi kowa sani.

A watan Mayun 2016 gwamnatin jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, bayan wata tsutsa da manoma ke kira sharon ta cinye kusan kashi 80 cikin ɗari na gonakin wasu yankuna. Matan aure ba su manta shekarar ba, an koma miyar kuka da tumatirin gwangwani. Ƙwaron asalinsa daga Kudancin Amurka yake, ya shiga Sifaniya a 2006, bai cika shekara goma ba ya iso mana.

Shi wannan ƙwaro zafi ne makamashinsa. Da sanyi yakan ɗauki fiye da wata biyu daga ƙwai zuwa babba. In gari ya ɗau zafi, bai kai wata guda ba ya gama. Mace ɗaya na iya yin ƙwai sama da 200. Shi ya sa tumatirin hunturu kan tsira, na bazara ya sha kashi. Ga abu mara rai na juya yawan halitta a gaban idonmu.

Amma ko a nan, zafi rabin labari ne. Ƙwaron ya zo baƙo, ya baro maƙiyansa a can ƙasarsu. Ya tarar da faɗama shimfiɗe da tumatir zalla, gona na bin gona, rani da damina babu hutu. Tsutsarsa kuma a cikin ganye take ɓuya, feshi bai cika isa gare ta ba. Abin da feshin ya fi samu su ne gizo-gizo da zanzaro da ƙananan ƙwarin da da sun koyi cin ta.

Manomi zai ce, "To in bar gonata ta ƙone ina kallo?" A'a. Wanda ya ci bashin taki da iri ba a yi masa wa'azin gizo-gizo. Ba na cewa a jefar da famfon feshi. Abin da nake ƙi shi ne feshin makanta, a haɗa magani uku a bokiti ɗaya bisa shawarar mai shago, a ninka awo, a fesa duk bayan kwana uku har ranar tsinka. Ƙwarin da suka tsira daga wannan wanka su ke haifar jikokin da magani ba ya ji. Manomi ya ƙara kuɗi, ƙwaro ya ƙara tauri, mu kuma mu ci sauran a miya. Laifin bai tsaya kan manomi ba, ya hau kan rashin malaman gona da za su zauna da shi a bakin rijiya su nuna masa tarkon kama mazan ƙwaron, da sauya shuka, da ƙone karan da ya kamu.

Abin da aka yi a Anchau

Wani zai zaci ina cewa kowace halitta a bar ta ta yi yadda take so. Ko kusa. Sauro da ƙudan tsando ba abokaina ba ne.

A shekarun 1930 ciwon barci ya addabi ƙasar Zazzau. Ƙudan tsando ke yaɗa shi, shi ke kuma sa wa shanu sammore. Masu binciken lokacin suka lura ƙudan ba ya jure rana da bushewa, dole sai inuwa mai laima a bakin rafi. A yankin Anchau, da ke ƙaramar hukumar Kubau a yau, aka bi rafuka aka sassabe duhuwar bakinsu, aka haƙa rijiyoyi don mutane su rage zuwa rafi, aka kafa sabon gari aka sa masa suna Takalafiya. Ƙudan ya ja da baya ba tare da an yi masa feshi ba. Aikin mulkin mallaka ne, an tashi mutane daga gidajensu, an sa su aikin da ba su nema ba, wannan ba abin yabo ba ne. Amma dabarar ita kanta daidai take: ka san abin da halitta ba ta iya rayuwa sai da shi, sannan ka taɓa wannan abin kaɗai. Cibiyar binciken ciwon barci da sammore ta ƙasa har yau a nan Kaduna take.

Sauro ma haka ne. Ba ya haihuwa sai a ruwa kwantacce, kuma da zafi kwana goma sun ishe shi daga ƙwai zuwa mai cizo. Tsohuwar taya, gwangwani, ramin da aka ɗebi ƙasar gini, lambatun da leda ta toshe. Muna kiwonsa a ƙofar gida da rana, da dare mu rufe ɗaki mu fesa fiya-fiya mu shaƙa tare da jarirai. Kududdufin da ke da kifi da kwaɗi da mazari bai kai kwatamin bayan gida haifar sauro ba, don a can akwai masu cin tsutsarsa.

"Ana ta tsaro, kana ta ungulu"

Na san za a faɗa. Mutane na kwana a daji hannun masu garkuwa, buhun masara ya gagari talaka, wani kuma ya zauna yana makokin tsuntsu.

Na karɓa. Ba na cewa a tura kowa dajin Kamuku da ke Birnin Gwari ƙirgar namun daji, ko da yake tun 1999 yake gandun ƙasa. Amma tsamiyar unguwa ba a hannun 'yan bindiga take ba. Layin masu sayar da kawunan tsuntsaye a tsakiyar kasuwa yake, da rana tsaka. Kuma kuɗin asibitin zazzaɓi, da allurar cizon kare, da tumatirin da ya ƙone, daga aljihun talakan nan da ake cewa a tausaya wa suke fita.

Akwai kuma mai cewa Allah ne ke rayawa Yake kashewa, in kwanan ungulu ya ƙare ba mai tsawaita shi. Haka ne, ba mai ja. Amma Shi ne Ya gaya mana a Suratul An'am, aya ta 38, cewa babu wata dabba a ƙasa ko tsuntsu mai tashi da fikafikansa face al'umma ce irin tamu. Wanda ya sa wa al'umma guba don ya sayar da kawunanta, ba ƙaddara zai jingina wa ba ranar da aka tambaye shi. Ina jiran ranar da zan ji liman ya taɓo wannan a huɗuba, ko fasto a majami'a, don masu sayen nan a sahu suke.

Abin da nake nema bai kai a kafa kwamiti ba. Sarakunan pawa su hana kamu da sa guba a harabar kwata, maganarsu ta fi ta kowane jami'i tasiri a wurin. Shugabannin masu maganin gargajiya, waɗanda ƙungiyar kare muhalli ta NCF ta riga ta fara zama da wasunsu kan maye gurbin sassan ungulu da tsirrai, su fito su faɗa da bakinsu a rediyo. Masu unguwanni su san manyan itatuwan da suka rage a yankinsu ɗaya bayan ɗaya, yadda sare tsamiya mai shekara ɗari zai zama abin da sai an yi shawara. Malaman bayoloji kuma su fitar da yara daga aji ko sau ɗaya a zango, a je bakin kogi ko bayan kasuwa da littafi da biro a ƙirga abin da aka gani, a ajiye, baɗi a sake. Ungulu ta ɓace mana ne ba wanda ya rubuta ranar.

Asabar ɗin nan da ta wuce mun koma kwata, yaron riƙe da littafinsa. Ya ƙirga hankaki har ya gaji, ya ƙirga karnuka. Wani tsohon mahauci da ke zaune kan benci yana kallonsa ya kira shi, ya tambayi abin da yake rubutawa. Da ya ji, sai ya nuna masa wani jerin shaguna da sandarsa, ya ce a nan wata ƙatuwar tsamiya take, a kanta suke kwana, in magariba ta yi har reshe ke lanƙwasawa.

Yaron ya buɗe shafin nan mai gida biyu, ya tsaya da biro a sama. Ya ce, "Baba, to wannan a wane gefe zan sa shi, masu rai ko marasa rai?"

Kafin in buɗe baki tsohon ya riga ni. Ya ce, "Jikana, ja layi na uku, ka rubuta kuɗin haya."